Kwamishina da Marubuci: Amsa kan Ayyukan William Bratton da David Simon

Tambaya: Malam, ina karatun aikin jarida, kuma a darasin rahoton laifuka an ambata mana mutum biyu daga Amurka: William Bratton, wanda ya shugabanci 'yan sandan New York da na Los Angeles, da David Simon, wanda ya bar jarida ya koma rubuta littattafai da shirin talabijin. Malaminmu ya ce ra'ayinsu ya yi hannun riga. Ina roƙo a bayyana mini yadda kowannensu ya kai inda ya kai, kuma wane ne ya fi gaskiya a kan alƙaluman laifuka.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ƙanena. Malaminku ya yi daidai da ya haɗa sunayen nan biyu a darasi guda, domin ni ma duk lokacin da na zo koyar da batun alƙaluman laifuka sai na dawo kansu. Dukansu sun fara ne daga gane abu ɗaya, wato manyan da ke zaune a ofis ba su san abin da ke gudana a kan titi ba, sai dai kowa da abin da ya yi da wannan sani. Kafin in shiga tarihinsu, ka riƙe cewa Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda da ke kula da ƙasar baki ɗaya. Akwai hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000, kusan kowane birni da nasa, kuma a manyan birane magajin gari ne ke da ta cewa wajen naɗa shugaban rundunar da sauke shi. Shi ya sa jami'i ɗaya zai iya riƙe birane uku a rayuwarsa, kuma shi ya sa kujerar ba ta da tabbas.

An haifi Bratton a 1947 a birnin Boston. Ya yi aiki a sashen 'yan sandan soja lokacin yaƙin Biyetnam, sannan ya shiga rundunar Boston a 1970 daga matakin ƙasa. Cikin shekara goma ya kai muƙami na biyu a rundunar, abin da ba a saba gani ba ga mai shekarunsa. Amma bai daɗe a kai ba, saboda ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa burinsa shi ne ya zama kwamishina, maganar ta ɓata wa na gaba da shi rai, aka mayar da shi gefe. Daga nan ya riƙe ƙananan rundunoni a yankin Boston, ciki har da 'yan sandan sufuri, kuma a can ya koyi yadda ake karɓar hukumar da jami'anta suka karaya a sake tayar da ita.

Sunansa ya fara fita a 1990, da aka kira shi New York ya shugabanci 'yan sandan jiragen ƙarƙashin ƙasa. A wannan shekarar aka kashe mutum 2,245 a birnin, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan ko bayan nan. Bratton ya zo da wani ra'ayi da masana biyu, James Q. Wilson da George Kelling, suka wallafa a 1982, wanda ake kira ra'ayin fasassun tagogi: idan aka bar taga ɗaya a fashe ba a gyara ba, masu wucewa za su ɗauka gidan ba shi da mai shi, sai a fasa sauran. Tagar da ya zaɓa ita ce tsallake ƙofar biyan kuɗin jirgi. Kuɗin dala 1.15 ne kacal, kuma jami'ai ba sa son kama mutum a kansa domin cike takardun kamu yakan cinye musu kusan yini. Sai ya sa aka mayar da motocin bas ofisoshin tafi-da-gidanka a bakin tashoshi, ana gama takardu a nan take. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a cikin kowane mutum bakwai da aka kama an sami ɗaya da dama ake nemansa kan wani laifin, wasu kuma an same su da makamai.

A wannan aikin ne ya haɗu da Jack Maple, wani laftana da ya cika bango da taswirar tashoshi yana sa alama a duk inda aka yi fashi da sa'ar da aka yi shi. Da Rudolph Giuliani ya zama magajin gari ya naɗa Bratton kwamishinan 'yan sandan birnin a Janairun 1994, sai Bratton ya ɗauko Maple daga laftana ya mayar da shi mataimakin kwamishina, kuma daga taswirorin nan aka samo tsarin da ake kira CompStat. A nan ya kamata ka tsaya ka kalli abin da kyau, don shi ne ƙashin bayan muhawarar duka. Kafin lokacin, alƙaluman laifuka sukan iso hedikwata bayan watanni, an tara su ne don aika wa gwamnatin tarayya, ba wanda ke aiki da su. A sabon tsarin, sau biyu a mako, tun ƙarfe bakwai na safe, akan kira shugabannin ofisoshin unguwanni zuwa hedikwata. Mutum zai tsaya gaban manyansa da takwarorinsa, taswirar unguwarsa tana haske a bango bayansa, an ɗiga kowane fashi da kowane harbi na makonnin da suka wuce. Sai a fara tambayarsa me ya sa ɗigon ya taru a waɗannan layuka, da wane lokaci ake yin abin, wa aka kama, an tambayi wanda aka kama inda ya samo bindiga, kuma me aka yi tun zaman da ya gabata. Wanda ya san unguwarsa yakan fita da daraja, wanda ya zo yana kame-kame kuma yakan rasa kujerarsa, kuma da yawa sun rasa.

A 1996 kisan kai a New York ya sauko ƙasa da 1,000. A Janairun shekarar mujallar Time ta sa hoton Bratton a bangonta, abin da bai yi wa Giuliani daɗi ba, tunda shi ma yana ganin nasarar tasa ce. Ofishin magajin gari ya shiga bin diddigin tafiye-tafiyensa da yarjejeniyar littafin da ya ƙulla, kuma kafin tsakiyar shekara ya ajiye aiki, bayan wata 27 kawai. Ka ga sau biyu kenan fitowa a jarida tana raba shi da kujera.

A 2002 ya karɓi Los Angeles, rundunar da dukan da jami'anta suka yi wa wani baƙar fata, Rodney King, a 1991 da badaƙalar cin hanci da cin zarafi a sashenta na Rampart suka zubar wa mutunci, har ta shiga ƙarƙashin sa idon kotun tarayya a 2001. A ganina shekaru bakwai da ya yi a can sun fi na New York nuna gwanintarsa, domin sai da ya haɗa rage laifi da bin sharuɗɗan kotu da gyara alaƙa da unguwannin baƙaƙen fata, kuma alƙali ya sassauta sa idon a 2009, shekarar da ya tafi. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya so a duba yiwuwar ba shi 'yan sandan Landan, amma aka tsaya kan cewa muƙamin na ɗan ƙasa ne. Ya koma New York a 2014 ƙarƙashin magajin gari Bill de Blasio, ya yi ritaya a 2016.

David Simon kuwa an haife shi a 1960 a Washington. Ya yi Jami'ar Maryland, inda ya zama editan jaridar ɗalibai, daga nan jaridar Baltimore Sun ta ɗauke shi a farkon shekarun 1980 ta ba shi ɓangaren 'yan sanda. Aiki ne da akan bar wa sabon shiga: kiran ofisoshi da dare a tambayi ko an sami wani abu, zuwa inda aka yi harbi, jiran jami'in da zai yarda ya yi magana, sannan a rubuta 'yan sakin layi kafin a rufe shafi. Mafi yawan masu wannan aiki suna ɗokin a ɗaga su zuwa siyasa ko fadar gwamnati. Shi ya zauna, ya koyi sunayen jami'ai da na unguwanni da yadda kowa ke magana, kuma wannan zaman ne jarinsa. A 1986 kamfanin Times Mirror ya sayi jaridar, a 1987 ma'aikata suka yi yajin aiki kan rage musu haƙƙoƙi, yana cikin jagororinsa, kuma tun daga nan zuciyarsa ta fara fita daga ɗakin labarai.

Sai ya nemi izinin da ba a yi tsammanin za a ba shi ba. Kwamishinan 'yan sandan Baltimore ya amince ya zauna da sashen binciken kisan kai tsawon shekarar 1988 baki ɗaya, bisa sharaɗin cewa ba zai kai wa jaridarsa abin da ya gani ba. Ya ɗauki hutu, ya aske gashi, ya sa kwat da laktaye irin na 'yan sandan ciki, ya riƙa binsu wurin gawa, ɗakin tambayoyi, ɗakin binciken gawa da kotu. Littafin da ya fito daga wannan, mai suna Homicide, an buga shi a 1991 kuma ya ci lambar Edgar, wadda ake bai wa rubuce-rubuce kan laifuka, a 1992. A ofishin sashen akwai wani allo da ake rubuta sunan duk wanda aka kashe a ƙarƙashin sunan sajen da binciken ke hannun mutanensa. Idan ba a gano wanda ya yi kisan ba sunan yana nan da jan tawada, idan an yi kamu sai a goge a sake rubuta shi da baƙi. Kowa ya shigo, daga kurtu har kanar, da kallo ɗaya zai san wa ke da ja da yawa. Simon ya ga yadda wannan allo ke tura jami'ai aiki tuƙuru, ya kuma ga yadda yake sa kowa fatan a ba shi kisa mai sauƙi, irin wanda aka tarar da mai laifi a tsaye da makami a hannu. Labarin da ya fi daɗewa a littafin shi ne na wata yarinya 'yar shekara 11 da aka kashe, wadda jami'in da ke binciken ya kusa hallaka kansa da aiki a kanta, sunanta kuma bai taɓa komawa baƙi ba.

Abin da littafi ya ba shi wanda jarida ta kasa shi ne lokaci. Rahoton yau da kullum yana faɗin wa aka kashe, a ina, da abin da kakakin runduna ya ce. Wanda ya zauna shekara guda kuwa yana ganin yadda ake yanke shawarar wane bincike za a bi da wane za a ajiye, da yadda matsin lamba ke saukowa daga sama idan wanda aka kashe yana da gata. A 1993 ya sake ɗaukar hutu, wannan karon ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Shi da Ed Burns, tsohon ɗan sandan ciki da ya yi shekara 20 a aiki kafin ya koma koyarwa a makarantar gwamnati, suka yi shekara a wata mahaɗa a yammacin Baltimore inda ake sayar da miyagun ƙwayoyi a fili, suna zama da masu sha da masu sayarwa da iyalansu. Littafin, The Corner, ya fito a 1997. Kafin nan, a 1995, Simon ya karɓi kuɗin sallama ya bar jaridar. An riga an mayar da littafinsa na farko shirin talabijin tun 1993, a can ya koyi rubutun wasan kwaikwayo, kuma daga 2002 zuwa 2008 tashar HBO ta nuna The Wire, kashi 60 a zango biyar, wanda ya bi 'yan sanda, tashar jiragen ruwa, ofishin magajin gari, makarantu, ya ƙare da ɗakin labarai.

Yanzu ga inda suka yi karo. Hujjar Simon ita ce duk hukumar da aka ɗaura ƙarin girman ma'aikatanta a kan lamba, to lambar za ta koma ita ce aikin. Shugaban ofishin da ya san za a tsitsiye shi gaban jama'a ranar Alhamis yana da hanya biyu: ya rage fashi, wanda ke da wuya, ko ya sa a rubuta fashi a matsayin ɓatan kaya, wanda ke da sauƙi. Haka kuma kama mutum hamsin a bakin titi kan zaman banza ya fi cika takarda a kan wata shida ana bin babban dila ɗaya, don haka jami'in da ya iya bincike na gaske sai a bar shi a baya. Kuma bai yi wannan magana daga nesa ba, domin tsarin ya biyo shi har gida. Martin O'Malley ya zama magajin garin Baltimore a 1999, ya nemi shawarar Maple, ya ɗauko Edward Norris daga rundunar New York ya zama kwamishina a 2000. A 2005 an yi kamu fiye da 100,000 a birnin da mutanensa ba su wuce kimanin 640,000 ba, kuma dubbai an sake su ba tare da an tuhume su da komai ba. Bayan mutuwar wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, a hannun 'yan sanda a 2015, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta fitar da rahoto a 2016 da ya tabbatar da cewa rundunar ta saba tsayar da mutane da kama su ba bisa ƙa'ida ba, kuma baƙaƙen fata ne suka fi shan wahalar.

A New York ma an ga irinsa. A 2010 aka bayyana muryoyin da wani jami'i, Adrian Schoolcraft, ya naɗa a ɓoye a ofishinsu na Brooklyn, inda ake jin manya suna matsa wa ƙanana su cika adadin sammaci su kuma rage nauyin ƙorafe-ƙorafen da aka kawo. A 2011 an tsayar da mutane a titi an caje su sau kimanin 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, kuma a 2013 wata alƙaliyar tarayya ta yanke cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Adalci ya sa in faɗa maka cewa waɗannan sun faru ne lokacin da Bratton ba ya kan kujerar. Amma mutuwar Eric Garner a Yulin 2014, wanda aka shaƙe wajen kama shi kan zargin sayar da sigari ƙwara-ƙwara, a zamaninsa ta faru, kuma irin ƙaramin laifin da ra'ayin fasassun tagogi ya ce a bi ne. Ya ci gaba da kare ra'ayin bayan haka.

Ka tambaye ni wane ne ya fi gaskiya, kuma ba zan kauce ba. A kan tambayar ko aikin 'yan sanda yana iya rage laifi, Bratton ne da gaskiya, kuma ya faɗe ta a lokacin da manyan masana irin su David Bayley ke rubuta cewa 'yan sanda ba sa hana laifi. Gaskiya ne laifi ya ragu a duk faɗin Amurka a shekarun 1990, har a biranen da ba su bi hanyarsa ba, kuma a New York raguwar ta fara tun zamanin magajin gari David Dinkins, wanda ya ƙara dubban jami'ai. Masanin tattalin arziki Steven Levitt ya fi danganta ta ga yawan 'yan sanda, yawan fursunoni da lafawar annobar hodar iblis mai arha. Amma masanin laifuka Franklin Zimring ya nuna cewa raguwar New York ta ninka ta sauran ƙasar wajen girma da daɗewa, kuma ba a iya bayyana wannan rata sai an sa aikin rundunar a lissafi. Binciken da David Weisburd da Anthony Braga suka yi shekara da shekaru ya nuna cewa laifi yana taruwa ne a 'yan layuka ƙalilan, kuma tura jami'ai can yana rage shi ba tare da ya koma layi na gaba kawai ba. Wannan shi ne abin da Maple ya gani a taswirorinsa.

A kan kama jama'a barkatai saboda ƙananan laifuka kuwa, ina tare da Simon ba tare da wata-wata ba. Bayan hukuncin 2013 tsayar da mutane a titunan New York ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, an yi ta hasashen jini zai kwarara, amma a 2017 kisan kai ya sauka ƙasa da 300. Taswira da tambayar shugabanni sun yi amfani, yawan kamun kuma an biya shi da mutuncin dubban samari da yardar unguwanninsu, alhali shaidar da ɗan sandan ciki ke buƙata don ya mayar da ja baƙi daga waɗannan unguwanni take fitowa.

Akwai abin da ke damuna a hanyar Simon, tunda kai ma sana'ar za ka shiga. Littattafansa sun yiwu ne saboda wata jarida ta biya shi albashi fiye da shekara goma yana koyon birni ɗaya, ta kuma ba shi hutu sau biyu ya dawo ya tarar da kujerarsa. A 2009 ya gaya wa wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka cewa idan jaridun birane suka mutu ba wanda zai riƙa zama kullum a kotu da majalisar birni da ofishin 'yan sanda, kuma ɓarayin gwamnati ne za su ci ribar hakan. Hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba, domin Justin Fenton, wanda shi ma ya riƙe ɓangaren 'yan sanda a jaridar, ya rubuta littafi kan wani sashen rundunar Baltimore da aka gurfanar a 2017 bisa yi wa mutane fashi da sunan aiki, Simon kuma ya mayar da shi shirin talabijin a 2022. Sai dai kujerun da ake koyon irin wannan aiki a kansu sun ragu ƙwarai.

Idan rana ta zo aka miƙa maka takardar alƙaluma a taron manema labarai, ka fara duba kisan kai da satar mota, domin gawa tana da wuyar ɓoyewa, mai mota kuma dole ya kai rahoto kafin kamfanin inshora ya biya shi. Duka da rauni da ƙananan sace-sace su ne ake iya sauya wa suna. Ka kwatanta lambar runduna da ta asibitoci, da kuma binciken da gwamnatin tarayya ke yi tun 1973 inda ake tambayar magidanta kai tsaye ko an cuce su. Ka tuna kuma cewa a lissafin 'yan sanda kamu ya isa a ce an warware laifi, ko da kotu ta sallami wanda aka kama daga baya. Wakilan Los Angeles Times sun yi irin wannan aiki, suka bi rahotannin rundunar birnin suna kwatanta abin da jami'i ya rubuta da ajin da aka sa laifin. A 2015 suka wallafa cewa daga 2005 zuwa 2012, shekarun da suka haɗa da fiye da rabin zamanin Bratton, an rubuta munanan hare-hare kimanin 14,000 a matsayin ƙananan laifuka. Da suka mayar da su inda ya dace suka sake lissafi, sai suka tarar adadin laifukan tashin hankali ya fi wanda aka sanar, amma saukar da ya yi a tsawon waɗannan shekaru tana nan.